Daga Shebur ɗin Tom Morris zuwa Injin Baza Yashi

A gabar gabashin Sukotlan akwai wani tsohon gari mai suna St Andrews, wanda masu wasan golf ke ɗauka tamkar mahaifar wasansu. Filin da suke wasa a kai ba mutum ne ya fara shuka shi ba. Tudun rairayi ne tsakanin gonaki da teku, ƙasar da ba ta karɓar noma, aka bar wa tumaki da zomaye. Iska takan kwaso rairayi daga bakin ruwa ta barbaɗa shi a kan ciyawa, dabbobi su datse ta, in an yi ruwan sama ƙasa ta shanye nan take. Da haka ciyawar wurin ta tashi gajera, siririya, mai jure tattaki, ƙwallo na gangarawa a kanta ba tangarɗa. Yawancin wahalar da masu kula da filayen wasa suka sha daga baya, da shebur da baro da injuna iri-iri, ƙoƙari ne na yin abin da iskar nan take yi a kyauta: zuba abu kaɗan, ko'ina daidai, a kai a kai.

Mutumin da aka fi danganta farkon wannan aiki da shi shi ne Tom Morris, wanda ake kira Tom Tsoho don a bambanta shi da ɗansa. An haife shi a St Andrews a 1821, ya rasu a can a 1908. A 1851 ya koma Prestwick, a gabar yamma, inda aka ba shi amanar sabon filin golf, ya yi shekara 13 a can kafin mutanen garinsu su maido shi gida. Masu sana'ar suna ba da labari cewa wata rana a Prestwick baron yashi ya kife masa a kan wani dandalin rami da ciyawarsa ta ƙi yin kyau. Ya kwashe abin da ya kwasu, ya baza sauran. Bayan wani lokaci, sai ya ga wurin ya fi ko'ina lafiya. Labarin baka ne, amma abin da ya biyo baya sananne ne: da ya dawo St Andrews, yashi ya zama maganinsa na kusan kowace cuta ta fili. Mataimakinsa David Honeyman ya yi suna a tarihin wasan saboda yawan umarnin da yake samu na ya ƙaro yashi.

A wancan zamani ana murna in doki da amalanke sun kawo yashin bakin fili. Daga nan sai ƙarfin mutum. A loda baro, a tura, a jibge tsibi-tsibi, sannan mai shebur ya tsaya ya ɗebo ya wurga. Wurgin nan shi ne gwanintar. Ba a kifar da shebur, ana karkata shi ne a shara shi a iska da lanƙwasar wuyan hannu, yadda yashin zai buɗe ya sauka a shimfiɗe maimakon ya faɗi dunƙule. Bayan mai shebur sai masu manjagara da tsintsiyar ƙirare su bi, suna tura yashin ya shige tsakanin ganyen ciyawa har sai kanta ya sake leƙowa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda manoman kewayen Kano ke kai taki gona a mangala kan jaki da rani, su sauke shi tsibi-tsibi, su dawo su baza kafin damina, ya san aikin, ya kuma san inda matsalar take: gurbin tsibin kullum ya fi samun rabo, nesa da shi kuwa a bar shi da yunwa. A gonar gero wannan bambanci ba ya hana girbi. A dandalin da ake son ƙaramar ƙwallo ta gangara miƙe zuwa ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba, ɗan tudun da bai fi kaurin yatsa ba ya isa ya ɓata wasa.

Da wasannin sun tsaya a bakin teku, wataƙila da shebur ya wadatar. Abin da ya fitar da su shi ne injin yankan ciyawa. A 1830 wani makaniki mai suna Edwin Budding, a yankin Stroud na Ingila, ya yi rajistar injin da ya kwaikwayo daga na masaƙa, wanda ke aske gashin yadin ulu. Kamfanin Ransomes na Ipswich ya sami izinin ƙera shi a 1832. Kafin nan sai mai lauje ko garken tumaki ke iya rage ciyawa, don haka shimfiɗaɗɗen fili kore kayan attajirai ne. Bayan Budding, makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi suka iya mallakar nasu. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1863, aka fara gasar tanis ta Wimbledon a 1877, golf ya bazu zuwa cikin ƙasa da Amurka. Sai dai waɗannan sababbin filaye yawancinsu a kan ƙasar laka aka yi su, mai riƙe ruwa, mai daskarewa in an tattake ta, mai cike da tana da ke turo ƙasa sama. Babu iskar teku da za ta yi musu komai. Duk abin da suke bukata, yashi ne ko taki ko iri, sai an kawo an baza.

A daidai wannan lokaci kayan da ake bazawa su ma suka sake. John Bennet Lawes ya yi rajistar takin sufa a 1842, ya kafa tashar bincike a gonarsa ta Rothamsted a 1843 tare da masanin sinadarai Joseph Henry Gilbert. A 1856 suka ware wani makiyayi suka yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da irin takin da ake ba shi. Wannan gwaji yana nan har yau, kuma tun shekarun farko ya nuna cewa taki ba yawan ciyawa kawai yake ƙarawa ba, har irin ciyawar da za ta rayu a wuri yake zaɓa. Daga 1913, da masana'antar Oppau a Jamus ta fara haɗa amoniya daga iska bisa hanyar Haber da Bosch, takin naitirojin ya kama hanyar araha.

Nan ne, a ganina, bukatar inji ta zama dole. Takin dabbobi yana da haƙuri. In ya yi yawa a wuri guda ba ya yin ɓarna sosai. Takin zamani ba haka yake ba. Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka na ciyar da ciyawa sau ɗaya bai wuce kimanin giram 5 na naitirojin a kan kowace murabba'in mita ba. Inda hannu ya zarce, ciyawa ta ƙone ta yi ja. Inda ya gaza, ta yi fari-fari. Bayan mako biyu filin ya fito da zane-zane, kowa na ganin sawun mai aikin. Dabarar da ma'aikatan Birtaniya suka fara yi ita ce su cakuɗa sinadarin da yashi mai yawa don ya yi auki a hannu. Haka aka sami haɗin yashi da gishirin amoniya da na ƙarfe, wanda ake barbaɗawa don kashe gansakuka da ciyayi masu faɗin ganye, ana kuma sayar da shi har yanzu. A shekarun 1920 wasu filayen golf sun wuce gona da iri wajen zuba gishirin amoniya, bisa ra'ayin cewa ƙasa mai tsami ta fi dacewa da siririyar ciyawa, har ciyawar ta raunana ta kasa jure fari. A 1929 aka kafa cibiyar binciken ciyawar wasanni a Bingley, cikin Yorkshire. Amurkawa sun riga su, domin hukumar golf ta ƙasarsu ta buɗe nata sashen tun 1920.

Injunan kansu daga gona suka fito. A 1875 Joseph Kemp, wanda ya fara aikinsa a Kanada kafin ya koma jihar New York, ya ƙera keken doki mai sauke taki da kansa: ƙasan akwatin yana jan takin baya sannu a hankali, wani gangan ƙarfe mai haƙora yana yayyaga shi yana zubarwa. Aibinsa shi ne faɗin abin da yake bazawa bai wuce faɗin keken ba. Wanda ya gyara wannan malamin makaranta ne, Joseph Oppenheim, haifaffen Jamus, mai koyarwa a ƙauyen Maria Stein na jihar Ohio. Abin da ya dame shi shi ne manyan ɗalibansa maza suna fashin makaranta duk lokacin fitar da taki gona. An ce yana kallon yara suna buga ƙwallo da wani faffaɗan katako sai ya lura cewa karkatar katakon ce ke zaɓar inda ƙwallon za ta nufa. Ya jera irin waɗannan katakai a karkace a bayan keken, suna juyawa suna watsa taki hagu da dama. Ya fara ƙera su a 1899, ya rasu a 1901 bai ga girman abin da ya fara ba, amma kamfaninsa na New Idea ya ci gaba a hannun iyalinsa da Henry Synck, wanda ya auri 'yarsa. Ina ganin ya cancanci a tuna da shi ko don dalilinsa kawai: malami ne da ya nemi hanyar da yara za su zauna a aji.

Ga ƙananan ƙwayoyi, irin su irin ciyawa da takin gari, hanya biyu aka bi, kuma su ne har yau a kasuwa. Ta farko ita ce faifai mai juyawa. Tun ƙarni na 19 manoman Amurka da Birtaniya suna rataya jakar iri a kafaɗa, a ƙasanta akwai ɗan faifai mai haƙarƙari, ana juya shi da mariƙi ko da wani baka mai igiya da ake ja gaba da baya. Iri na zubowa kan faifan, juyawar ta wurga shi. Kamfanin Cyclone na jihar Indiana ya yi suna da irin wannan. Ta biyu ita ce doguwar kwatarniya a kan taya biyu, ƙasanta da jerin ƙofofi, a cikinta wani sanda mai fukafukai da tayoyin ke juyawa, kaya na zuba kai tsaye ƙasa. Kamfanin O.M. Scott na Marysville a Ohio, wanda ya fara da sayar da iri a 1868 ya kuma fito da takin ciyawar gida a 1928, yana cikin waɗanda suka shigar da wannan keken gidajen talakawan Amurka, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da unguwannin bayan gari suka cika da gidaje masu ɗan fili kore a gaba.

Kowacce da halinta. Mai zubarwa kai tsaye ba ruwanta da iska, kuma tana tsayawa cak a bakin iyaka, amma faɗinta kaɗan ne, in mai turawa ya kauce da taƙi ɗaya zai bar layin da bai sami komai ba, ko ya ninka wa wani layin. Mai faifai tana cin fili da sauri, gefen abin da take watsawa yana sirancewa a hankali, don haka in an ɗora zagaye kan zagaye kuskure yakan ɓace. Amma ƙwaya mai nauyi ta fi mara nauyi nisan tafiya, iska tana karkatar da su, kuma faifai ɗaya yakan fi jefa kaya gefe guda. Wannan aibi na ƙarshe shi ya sa a 1958 kamfanin Amazone na Jamus ya fito da injin tarakta mai faifai biyu masu juyawa saɓanin juna, kowanne yana gyara karkatar ɗan'uwansa. Kamfanin Vicon na Holan kuwa ya bi wata hanya, ta bututu mai kaɗawa hagu da dama da sauri.

Duk wannan ci gaba bai taɓa yashi ba. Yashi yana da nauyi, yana da danshi, yana toshe ƙofa yana cinye ƙarfe. Lissafi kawai ya isa ya nuna girman aikin. Filin ƙwallon ƙafa mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 ya haura murabba'in mita 7,000. Kaurin milimita 1 na yashi a kansa ya kai kimanin tan 11. In ana son milimita 6, ana maganar tan kusan 70, kuma a da duk da shebur za a wurga shi. Saboda haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe ma'aikata, filaye da yawa suka daina aikin, wasu ba su koma masa ba shekara da shekaru. Ga taki ya yi araha, ga ban ruwa ya yawaita, ciyawa tana girma fiye da yadda matattun saiwoyinta da ganyenta ke ruɓewa. Waɗannan matattun suka taru tsakanin ƙasa da koren ganye suka yi kauri, suna riƙe ruwa a sama, suna hana saiwa nitsewa, suna zama maɓoyar cututtuka. Sai a lokacin aka gane sosai cewa yashin Tom Morris ba daidaita fuskar fili kaɗai yake yi ba. Yana cakuɗuwa da wannan tarkace ne yana buɗe wa iska da ruwa hanya.

Gyaran ya zo cikin shekara 15. A 1946 Tom Mascaro na jihar Pennsylvania ya fito da injin da ke huda ƙasa yana zaro ɗan curi-curi, ya bar dubban ramuka masu jiran a cika su. A 1960 hukumar golf ta Amurka ta wallafa ƙa'idojin gina dandalin rami, inda ta ce a yi shi da haɗin da yashi ya fi rinjaye a kan shimfiɗar tsakuwa da bututun janye ruwa. A 1961 kamfanin Turfco na Minneapolis ya fito da Mete-R-Matic, wanda ake lissafawa a matsayin injin farko da aka yi musamman don baza yashi a kan ciyawa. Tsarinsa ɗan'uwan na Kemp ne: akwati, bel a ƙasansa mai jan kaya baya, ƙofa da ake ɗagawa ko saukewa don auna yawan abin da ke fita, sannan buroshi mai juyawa da ke tura yashin ƙasa cikin ciyawa. Aikin da ke cin gungun mutane kwanaki ya koma na mutum biyu ko uku.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne yadda injin ya sauya tunanin masu aikin. Muddin da shebur ake yi, hankali ya ce a yi shi sau ɗaya ko biyu a shekara, a zuba da yawa a huta. Amma zubi mai kauri jefi-jefi yana barin ƙasa hawa-hawa: yashi, tarkacen ciyawa, yashi, tarkace. In aka yanka irin wannan fili da wuƙa ana ganin layukan ƙarara, kuma ruwa da saiwa sukan tsaya a kan iyakar kowane hawa. A shekarun 1970 John Madison da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka kawo shawarar a bar haɗa yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a yi amfani da zallan yashi mai ƙwaya daidai, a riƙa barbaɗa ɗan kaɗan duk bayan mako biyu ko uku a lokacin da ciyawa ke girma, yadda zubin zai tafi kafaɗa da kafaɗa da tarkacen da ciyawar ke tarawa. An yi ta gardama a kai, wasu na tsoron yashin zai dakusar da wuƙaƙen injin yanka, kuma yana dakusarwa ɗin. Duk da haka ra'ayin ya yi nasara. Zuwa shekarun 1990 masu ƙera injuna suka ɗauko faifai biyu na takin gona suka ƙarfafa su suka maƙala a bayan bel ɗin yashi, aka sami injin da ke watsa siririn zubi a faɗin mita da yawa, har 'yan wasa su biyo baya ba su lura an yi aiki ba.

Ƙwallon ƙafa ta makara wajen cin wannan moriya. Wanda ya kalli tsofaffin hotunan wasannin Ingila na shekarun 1960 da 1970 ya ga caɓi, musamman a filin Baseball Ground na Derby County. Wasan ƙarshe na kofin FA na 1970 tsakanin Chelsea da Leeds an buga shi a Wembley a kan fili da ya lalace, aka lafta masa yashi, aka tashi 2 da 2, sannan aka kai maimaicin Old Trafford. Yashin da ake zubawa a wancan lokaci na rufe taɓo ne kawai don a samu a buga wasa. Daga baya ne aka fara gina filayen tun daga tushe a kan yashi, da magudanan ruwa a ƙasa, a kuma maida ƙarshen kowace kakar wasa lokacin gyara: a kankare fuskar fili, a huda, a baza tan-tan na yashi da inji, a ja shi da tabarmar ƙarfe ya shige ramuka, a shuka sabon iri. Koren da ake gani a talabijin a tsakiyar hunturun Turai daga wannan aikin na watan Yuni yake fitowa.

Injunan yau wasu suna da kwamfuta da ke daidaita buɗin ƙofa da saurin tafiya, wasu suna bin tauraron ɗan'adam don kada su maimaita layi. Da haka ma, ma'aikacin kirki bai daina gwaji da hannu ba. Yakan jera farantai a ƙetaren hanyar injin, ya wuce ta kansu, ya auna abin da ya faɗa cikin kowanne, domin yashin da ya kwana a raɓa ba ya zuba kamar busasshe, kuma takin wannan kamfani ba girman ƙwayarsa ɗaya da na wancan ba. Mai tura ƙaramin keke kuwa dole ya riƙe taku ɗaya daga farko har ƙarshe, ya rufe ƙofa kafin ya juya.

Ciyawar roba ma ba ta kori waɗannan injuna ba. Wadda aka fara shimfiɗawa a babban filin Astrodome na Houston a 1966 kafet ce kawai mai gajeren gashi. Masu biye mata aka riƙa cika su da yashi, kamar wadda Queens Park Rangers ta sa a filinta na Landan a 1981. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma mai dogon gashi, ana cika tsakaninsa da yashi a ƙasa da garin tsohuwar taya a sama, irin wadda ake gani yanzu a filaye da yawa a Najeriya da Nijar. Wannan cikon da injin baza yashi ake zuba shi, hawa bayan hawa, ana bi da buroshi, kuma sai an riƙa ƙara shi domin takalma da ruwan sama suna kwashe shi, musamman a gaban raga da wurin bugun fanareti. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 za a daina sayar da garin roba don wannan aiki, saboda yana bin ruwa yana shiga koguna. Masu filaye a can sun fara gwada zallan yashi, da niƙaƙƙen ƙwallon zaitun, da garin ɓawon bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da shi, kuma kowanne da nauyinsa da yadda yake zuba, sai an sake auna ƙofar injin da saurin faifansa kafin a shiga fili da shi.